Biriketiri ta Yawunde: Yadda Zangon Fatake Ya Zama Unguwa, da Abin da Mai Shirin Ƙaura Zai Duba

Ko kana rugga ne a tsaunin Mambila, ko kana kan iyaka a Mubi, Banki ko Gamboru kana jiran a buɗe shinge motarka ta wuce, muna yi maka barka da war haka. A shirinmu na wannan karo mun leƙa Yawunde, babban birnin Kamaru, kuma mun tsaya a unguwa guda wadda duk ɗan arewa da ya sauka garin yake fara tambaya. A kan allunan hanya da Faransanci an rubuta ta Briqueterie, mutanenmu kuwa Biriketiri suke cewa, ko su taƙaita su ce Birik. Dalilin ɗauko zancen shi ne, da yawa cikinku sun wuce matsayin mai kai shanu ko buhunan albasa ya juyo. Wani ya fara tunanin kama ɗaki, wani yana son ya kai iyali, wani ma har ya fara cinikin fili. To, kafin ka zuba jarinka a garin da ba naka ba, ya kamata ka san yadda waɗanda suka riga ka suka zauna, da irin abin da ya same su.

Kafin a yi birni

Fara da sanin cewa fataken Hausawa sun san hanyar kudu tun Yawunde ba ta zama gari ba. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, Fulani suka kafa sarautu a ƙasar da ake kira Fombina, wato kudu. Yola ta zama mazaunin Lamiɗo a 1841, ga kuma Garwa, Ngawundare, Banyo da Tibati. Duk inda aka kafa sarauta, sai ka ga fatake daga Kano, Katsina, Zazzau, Bauci da Borno sun biyo baya. Suna kawo tufafi, baƙin rini, kanwa, duwatsun ado, kayan fata da dawakai. Suna komawa da hauren giwa da goro. Kada mu ɓoye gaskiya, har da bayi a cikin abin da ake fatauci a wancan zamani, kuma ƙabilun da aka yi ta kai wa hari ba su manta ba.

Daga Tibati hanya ta gangara zuwa Yoko, ta shiga ƙasar Wutawa, inda wani sarki mai ƙarfi da ake kira Ngila yake da gari a arewacin kogin Sanaga. Lokacin da hafsan Jamus Curt Morgen ya isa garin Ngila wajen 1890, ya tarar da fataken Hausawa zaune a can suna cinikin haure. Ka ga ke nan, mutanenmu suna bakin daji tun kafin Bature ya gama kafa sansaninsa. Abin da ya rage musu shi ne su ƙetare Sanaga su shiga ƙasar Ewondo.

Jamusawa sun kafa tashar Yawunde a 1889, ƙarƙashin Richard Kund da Hans Tappenbeck. Sunan garin ma daga sunan mutanen wurin ne, Ewondo, wanda bakin Bature ya juya. Su kansu Ewondo suna kiran wurin Ongola, ma'ana shinge, saboda katangar da aka kewaye sansanin da ita. Wani masanin tsirrai mai suna Georg Zenker ya riƙe tashar har zuwa 1895, sannan soja Hans Dominik ya mai da ita sansanin yaƙi na sosai. Daga wannan yanki ne rundunar Jamus ta tashi ta ci garin Ngila da Tibati a 1899, daga baya aka ci Garwa a 1901 da Marwa a 1902.

Wannan yaƙi ya karya tsohon tsarin ciniki, amma ya buɗe hanya ɗaya tun daga Binuwai har bakin teku. Bafatake kuwa ka san shi, inda hanya ta buɗe nan yake sa kai. Jamusawa suna neman roba da haure, sojojinsu da ma'aikatansu suna neman nama, ƙasar kuma ba ta kiwon shanu. Sai Hausawa suka zama masu shiga ƙauyuka sayen roba, masu kora shanu daga Adamawa, masu fawa a bakin sansani. Haka zangon farko ya tsiro kusa da tashar Bature.

Inda sunan ya fito

Don su gina sansani da gidajen gwamnati, Jamusawa sun kafa wurin gasa jan bulo a wani kwari mai yumɓu da ruwa, a ƙasar da Ewondo ke kira Ekudu. Kalmar Briqueterie a Faransanci ba ta nufin komai sai wurin yin bulo. Masana'antar ta daɗe da mutuwa, suna ya zauna. Haka ma unguwar Bastos, inda ofisoshin jakadanci da gidajen manya suke a yau, daga sunan kamfanin taba sigari ta samo nata.

Riƙe wannan magana ta yumɓu da ruwa, domin za mu dawo kanta. Wurin da ya dace da yin bulo, wuri ne da ruwa ke kwanciya.

A ranar 1 ga Janairun 1916, cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin ƙawance suka shiga Yawunde, Jamusawa suka gudu kudu. Ƙasar ta koma hannun Faransa, a 1921 kuma aka mai da Yawunde hedikwata maimakon Duwala. Jirgin ƙasa daga Duwala ya iso a 1927. Gari ya fara girma, Faransawa kuma suka bi tsarin da Turawan mulki suka saba bi ko'ina: tudu mai iska da tsakiyar gari nasu ne da ofisoshinsu da kantunansu, baƙar fata kuma a tura su gefe, kowace ƙabila da unguwarta. A cikin wannan tsari ne, a shekarun 1930, Hausawa suka tattaru a Ekudu, aka kuma gina masallacin unguwar na farko. Babban masallacin Juma'a ya biyo baya a shekarun 1950.

Lura da kyau, ɗan'uwa. Kakannin mutanen Biriketiri ba su zaɓi wurin don daɗinsa ba. Hukuma ce ta ja layi, su kuma suka zauna inda aka bar musu, suka mai da shi gida. Ba su kaɗai wannan ya faru da su ba. A Ibadan an keɓe wa Hausawa Sabo a 1916. A Duwala baƙi sun taru a Nubel. A Kumasi akwai Zango. Ko'ina labarin ɗaya ne: wurin da aka ba baƙo a bayan gari, bayan shekara hamsin sai ka ga gari ya haɗiye shi, ya koma tsakiya. Yau daga Biriketiri da ƙafa za ka taka zuwa babbar kasuwar tsakiyar gari, ko kasuwar Mokolo, ko Babban Asibiti.

Abin da ya riƙe unguwar

Me ya sa zango ke ɗorewa? Ai kai ma ka san amsar, domin da ita kake ci. Tsarin maigida ne. Ka sauka da shanu ko da kaya a garin da ba ka jin yarensu. Maigida ya ba ka ɗaki da abinci, ya ajiye maka kuɗi, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in an sayi kayanka bashi. Mahauci ya karɓi sa yau, ya biya bayan ya sayar da nama, in ya ƙi biya kuwa maigidan ne zai bi maka. Ba takarda, ba kotu, mutunci ne jingina. Wanda ya ci amana sau ɗaya, kafin la'asar duk unguwa ta ji, gobe kuma labari ya kai Ngawundare.

A kan wannan tsari sauran abubuwa suka hau: sarkin unguwa da fadawansa masu sasanta rigima, liman da makarantun allo, sarkin fawa, masu ɗinki da surfani, masu sayar da shadda da atamfa da turare, masu canjin kuɗi. Mutanen kudu duk wanda suka gani da riga da hula yana sallah, Bahaushe suke ce masa. Amma in ka shiga ciki za ka tarar da Fulani, Barebari, Larabawan Shuwa, Kotoko, Bamun daga Fumban, Bamileke 'yan kasuwa, Ewondo masu asalin ƙasa, ga kuma mutanen Nijar, Najeriya, Cadi, Mali da Senegal. Hausa da Fulatanci da Faransanci duk suna yawo a layi ɗaya. Wajen 1970 wani Bafaranshe mai bincike, André Franqueville, ya yi nazari a kan baƙin da ke zaune a unguwar, domin tun lokacin an san ta a matsayin ƙofar da baƙo ke shiga Yawunde.

Da Kamaru ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairun 1960, shugabanta na farko, Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa ne. Ma'aikata, sojoji da 'yan kasuwa daga arewa suka ƙaru a babban birni. A 1961 aka yi ƙuri'ar da ta raba tsohuwar Kamarun Ingila: arewacinta, su Mubi da Gembu, ya shiga Najeriya, kudancinta ya haɗe da Yawunde. Da yawa cikin masu karanta wannan takarda, ƙuri'ar nan ce ta sa kai kana riƙe da katin Najeriya, ɗan baffanka yana riƙe da na Kamaru.

Sai kuma jirgin ƙasa. Layin da ya tashi daga Yawunde ya kai Belabo a 1969, ya isa Ngawundare a 1974, tafiyar kilomita 600 da ɗoriya. Shanun da a da ake korawa da ƙafa makonni, suna ramewa a hanya, sai suka koma shiga tarago. A wannan shekara ta 1974 ce gwamnati ta kafa kamfanin SODEPA mai kula da harkar dabbobi, wanda ke riƙe da babbar mayankar Etudi a arewacin gari. Kasuwar shanu ma a Etudi take. Wato kasuwancin da ya haifi Biriketiri ya matsa gaba, ya bar unguwar da masu gidaje, dillalai, da masu gasa nama. Har yau in dare ya yi, mutanen Yawunde daga kowace unguwa suna zuwa Birik cin tsire, wanda suke kira soya, da sayen kilishi. Akwai ma wurin da suka laƙaba wa suna Ma'aikatar Soya, don raha.

Yawan jama'a kuwa ba a magana. Ƙidayar 1976 ta samu mutum dubu 313 da 'yan kai a Yawunde. A 1987 sun kai wajen dubu 650. A 2005 sun haura miliyan 1.8. Gari yana faɗaɗa ta gefe, amma Biriketiri ba ta da inda za ta faɗaɗa, domin an kewaye ta ta ko'ina. Sai aka yi ta tsaga gida ana fitar da ɗaki, ana cin lungu, ana gangarawa bakin rafi.

Kwanakin wuya

Tarihin unguwa ba ya cika sai an faɗi ranakun da ta sha wuya, kuma daga su ne za ka fi ɗaukar darasi.

Ahijo ya sauka a Nuwamban 1982, Paul Biya ya hau. Ranar 6 ga Afrilun 1984 wasu sojojin fadar shugaban ƙasa, galibinsu 'yan arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki, bai yi nasara ba. Abin da ya biyo baya, kame da zargi, ya taɓa 'yan arewa da dama waɗanda ba ruwansu da siyasa. Bayan shekara 30, da rikicin Boko Haram ya tsallako jihar Arewa Mai Nisa a 2014, aka rufe hanyoyi irin su Banki zuwa Amcide da Gamboru zuwa Fotokol na tsawon lokaci, binciken takardu ya tsananta har a Yawunde. Unguwar da aka san ta da baƙi ita ake fara dubawa. Mai cikakkiyar takarda ya kwana a ɗakinsa, marar ita kuwa sai abin da Allah ya yi.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Wanda ya karɓi kayan waje bashi ya wayi gari bashinsa ya ninka. Masu kawo shanu da kayan gona na cikin gida kuwa, wasunsu sun ga alheri, domin naman waje ya yi tsada. Kowace girgiza da wanda take kayarwa da wanda take ɗagawa.

Sai rusau. A shekarun da Gilbert Tsimi Evouna ya jagoranci hukumar birnin Yawunde, an rushe gidaje da yawa da aka gina a fadamu da kan filayen gwamnati. Unguwar Ntaba ta tashi a 2008. Gefen Biriketiri ma ya taɓu a waɗannan shekaru, wajen mahaɗar Warda, inda Sin ta gina babban zauren wasanni da aka buɗe a 2009. Mutane da yawa da suka yi shekaru a gidajensu ba su da abin nunawa sai takardar cinikin da aka rubuta da hannu gaban shaidu.

Ga inda matsalar take. Dokokin ƙasa na Kamaru na watan Yulin 1974, da dokar da ta biyo a 1976, sun ce shaidar mallakar fili ita ce takardar hukuma da ake kira titar fonsiye. Cinikin fili mai wannan takarda kuma a gaban notar ake yin sa, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da ciniki. A garinku, in mai unguwa da dattawa biyu suka shaida, magana ta ƙare. A Yawunde ba ta ƙare ba. Dattijo zai sayar maka, bayan ya rasu 'ya'yansa su ce fili na gado ne, ba shi kaɗai ke da shi ba. Ko kuma a sayar wa mutum biyu wuri ɗaya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, ina za ka zauna?

Yanzu mu zo kan naka. Larabawa suna cewa a nemi maƙwabci kafin gida, kuma da ɗan gari akan ci gari. Ga mai zuwan fari, wanda ba ya jin Faransanci, Biriketiri tana da abin da ba ka samu a wani wuri cikin sauƙi. Za ka ji kiran sallah daga ɗakinka. Naman da za ka ci ba ka tambayar wa ya yanka. Akwai tuwo, koko, fura, shayi da burodi tun asuba. In ka yi rashin lafiya akwai mai kai ka asibiti ya yi maka tafinta. In mutuwa ta zo, akwai masu wanka da sutura da sallah. Labarin farashi da na hanya kuma a bakin masallaci da teburin mai shayi ake fara jin sa. Wannan duk jari ne, ko da ba a ƙirga shi da jaka.

Amma ka auna da ɗaya hannun. Na farko, ruwa. Yawunde tana kan tudu, kimanin mita 750 sama da teku, gari ne na duwatsu da kwaruruka. Damina biyu take yi a shekara, ɗaya daga Maris zuwa Yuni, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwan da ke sauka kuma ya kai milimita 1,500, wato kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Ƙoramun Abiyerge da Ekozowa suna bi ta gindin unguwar su zuba a kogin Mfundi. Ɗakin da ka gani da araha a gangare cikin watan Janairu, je ka sake ganin sa a Oktoba. Dubi gindin bango, in ka ga layin laka ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, ka san ruwa na shiga. Dubi tsakanin rijiya da masai. Inda suka yi kusa, zawo da taifot ba sa rabuwa da yara. Sauro ma a fadama ya fi yawa. Araha ba ta ado.

Na biyu, cunkoso. Akwai lungunan da motar kashe gobara ba ta shiga, ga wayoyin lantarki a harɗe, ga gini da katako. In kayanka atamfa ne ko shadda ko takalma, kada ka tara jarinka duka a ɗakin da kake kwana. Tambayi mita nawa ne a gidan, mutum nawa ke raba ta, wa ke karɓar kuɗin wuta da na ruwa. Rigimar haya da yawa daga nan take tashi. Masu gida sukan nemi kuɗin watanni a gaba, da kuɗin ajiya. Duk abin da ka biya, karɓi rasit, ka sa a rubuta yarjejeniya, ko da mai gidan ɗan garinku ne. Zo mu zauna, zo mu saɓa.

Na uku, nisan wurin nema. In harkarka shanu ce, kullum da sassafe kana Etudi. To me zai sa ka biya tasi zuwa da dawowa kana ratsa cunkoson gari? Mutanenmu da yawa sun kama gida a Etudi, Emana da Olembe, can arewacin gari, inda fili ya fi yalwa kuma hanyar Obala ta fita. In tumaki da awaki kake kawowa, musamman gab da babbar sallah, kasuwar da ake kira Witiyem ta fi kusa da Tsinga da Biriketiri. In kayan masarufi ne da tufafi, kusa da Mokolo ya fi maka. Tsinga, wadda ke maƙwabtaka da Birik, tana da tituna masu faɗi, nan ne ofishin ƙaramar hukumar Yawunde ta Biyu yake, nan ne kuma babban masallacin da Saudiyya ta gina aka buɗe a 1997. Sai dai hayarta ta fi tsada. Lissafa kuɗin mota na wata ka haɗa da kuɗin haya, sannan ka kwatanta. Ka sani kuma tasin Yawunde na haɗaka ne: ka tsaya bakin titi ka faɗi inda za ka da abin da za ka biya, in direba ya yarda ya danna oda. Babura kuwa an hana su shiga tsakiyar gari.

Na huɗu, kai makiyayi, kada ka yi tunanin za ka ajiye garke a gefen gari kamar yadda ake yi a Garwa ko Yola. Nan ƙasar daji ce, ƙasar ƙudan tsando. A yankin nan ne likitan Faransa Eugène Jamot ya yi yaƙi da ciwon barci a shekarun 1920, daga sansaninsa na Ayos, har yau akwai asibiti mai sunansa a Yawunde. Farar saniya da jar saniya ta Mbororo ba sa jure sammore, ga gonakin rogo da koko ta ko'ina, ɓarna kaɗan sai rigima. Sa yana zuwa Yawunde ne don wuƙa. Kowace rana da ya ƙara a turke, nama yake zubarwa, kuɗin ciyawa kuma yana hawa. Bar garke a Adamawa wurin mai amana, ka kawo na sayarwa kawai.

Na biyar, takardu. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, tana cikin ƙungiyar CEMAC ta tsakiyar Afirka. Sauƙin da ka saba da shi tsakanin Maraɗi da Katsina bai biyo ka nan ba. Baƙon da zai zauna yana bukatar katin izinin zama, kart de seju, kuma yana da wa'adi, sai an sabunta. Sefar Nijar da sefar Kamaru darajarsu ɗaya, amma takardun kuɗin daban ne, bankunan da ke buga su daban ne, mai kanti a Yawunde ba zai karɓi ta Yamai ba, mai canji kuma sai ya cire nasa. In Allah ya ba ka haihuwa a can, yi wa jariri takardar haihuwa a ofishin magajin gari tun da wuri. In wa'adin ya wuce sai an bi ta kotu, yaron da ba shi da ita kuma ba ya zana jarrabawar gama firamare. Yara da yawa a gidajen mutanenmu a nan karatunsu ya tsaya.

Na shida, iyali. Kai kana fita tun safe, uwargida ce za ta wuni a gidan. Macen da ta saba da tsakar gida mai faɗi da katanga, in ka kai ta ɗaki ɗaya a gidan haya mai banɗaki ɗaya na mutum ashirin, ka san ka ɗora mata nauyi. Shawarce ta, in da hali ta ga wurin da idonta. A Birik za ta sami mata masu jin yarenta, da biki da suna da adashi, ta ma iya yin sana'a daga cikin gida. A sabuwar unguwa za ta sami sarari, amma wataƙila ta yi wata ba ta yi hira da kowa ba. Dubi makaranta kuma. Akwai ta gwamnati ta Faransanci, akwai ta Ingilishi, akwai masu haɗa Faransanci da Larabci, ga allo da safe ko da yamma. Zaɓi tun kafin ka biya haya, don kada yaro ya riƙa tsallaka manyan tituna kullum.

Abin da mutanen da suka yi

In ka duba yadda gidajen da suka kafu a Yawunde suka yi, za ka ga mafi yawa hanya ɗaya suka bi. Mutum ya fara sauka wurin maigida a Biriketiri. Ya yi zuwa da komawa har ya ga damina da rani. Sannan ya kama ɗaki shi kaɗai, ya koyi Faransancin kasuwa, ya san dillalin ƙwarai da na banza, ya gaida sarkin unguwa da liman su san fuskarsa. Bayan haka ya kawo iyali. In Allah ya buɗa, ya sayi fili mai takarda a bayan gari ya yi gini, amma shagonsa da masallacinsa da majalisarsa suna nan Birik. Shi ya sa ranar Juma'a za ka ga motoci daga unguwanni masu nisa sun cika titin unguwar.

Ka kuma tuna ƙasar tana da masu ita. Ewondo ne suka karɓi kakanninmu, aka yi auratayya, aka yi ciniki fiye da shekara 100. Maƙwabcinka na iya zama Kirista mai zuwa coci ran Lahadi, abincinsa da abin shansa daban da naka. Gaishe shi, je masa jaje da barka, koyi gaisuwa ko guda biyu da yarensa. Ranar da rigima ta taso a layi, shi ne zai ce wannan mutumin na san shi.

Tsohuwar hanyar fatake ta Tibati da Yoko, wadda kakanni suka bi da jakuna da 'yan alaro, a 'yan shekarun nan an yi ta shimfiɗa mata kwalta, an kuma yi gada a kan Sanaga a Nactigal, inda a da sai an jira jirgin fito. Tafiya ta yi sauƙi, masu zuwa za su ƙaru, haya da fili kuma za su ƙara tsada. In kana da niyya, je ka gani da idonka a cikin damina, ka zauna mako biyu wurin maigidanka, ka yi tambaya wurin mutum uku da ba su san juna ba kafin ka fitar da ko dala. Matambayi ba ya ɓata.

Wanda ya taɓa zama a Biriketiri, ko yake zaune a can yanzu, muna jiran saƙonsa ta hannun wakilanmu na kasuwannin kan iyaka, don 'yan'uwa su ƙaru da abin da ya gani. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema, ya raba mu da asara. Sai mun haɗu a shiri na gaba.